Gwangwanin Shitu Mai Gahawa

Riruwai, 6 ga Nuwamba, 1958

Zuwa ga Yayana Malam Ɗahiru, malamin auduga, Bebeji.

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina fata kun koma gida lafiya, kai da Yaya Asabe. Allah ya ba da ladan ta'aziyya. Ka yi haƙuri da rubutuna, na ajin yaƙi da jahilci ne.

Yaya, jiya da hantsi na gane abin da ya kai maigidana Malam Shitu wurin da ya gamu da ajalinsa.

Ka san inda Baffa Hamman mai shanu ya tsince shi, a tsohon barikin da kamfanin kuza ya tashi ya bari, bayan ramukan da ruwa ya cika, maciji ya sare shi a hannu. Ka kuma ji abin da ake raɗawa a zaman makoki. Wai me mai sayar da gahawa yake nema a ramin kuza da sassafe, in ba yana cikin masu tono a ɓoye ba? Har yau in mata sun zo gaisuwa, da na ɗaga labule sai hira ta mutu.

Jiya na ce bari in soya 'yar gahawa saboda baƙi. Ban taɓa taɓa buhunsa ba, shi yake suyarsa a rumfa, ni dakan citta da kanumfari kawai nake yi masa. Na kwance buhun na zura hannu. Gahawa ce a sama, amma ba ta wuce tsawon yatsa ba. Ƙarƙashinta wasu 'yan ƙwayoyi ne ƙanana, faifai-faifai, har ƙasan buhu. Na kira maƙwabciyata Dije. Tana gani ta ce, "Wannan ai 'ya'yan rai-ɗore ne."

Sai na zauna a ƙasa. Tsohon barikin nan rai-ɗore ya cinye shi, har ƙirjin mutum yake kai. Na tuna ɓawon da nake kakkaɓewa daga aljihunsa in zan yi wanki. Na tuna kekensa da ya sayar da bazara, ya ce mini tafiyar ƙasa ta fi masa lafiya. Ashe tun farkon shekara, da kamfani ya rage sayen kuza ya sallami leburori, Malam ba ya iya sayen gahawa. Rai-ɗore yake zuwa tsinka kafin gari ya waye sosai, don kada a gan shi.

Na yi murna, Yaya, amma ba ta daɗe ba. Ba ɓarawon kuza ba ne. To amma me yake zuba wa mutane a finjali wata goma da sunan gahawa?

Akwai kuma abin da ban gane ba. Ka san gwangwanin nan mai tsagar baki da yake rataye a ginshiƙin rumfa, wanda kowa ke jefa kwabonsa in ya sha. Na buɗe shi. Kuɗin ciki kaɗan ne. Sauran duk murafen kwalba ne da aka buge suka baje.

Ga inda nake. In na yi shiru, ɓarawo ne a bakin mutane. In na yi magana, mai algus ne. Kuma in algus ɗin ne, hakkin mutane yana kansa a inda yake kwance, shi ne abin da ya hana ni cin abinci. Shekara ashirin da biyu muna tare, ban taɓa kama shi da ƙarya ba, sai ta keke.

Ka gaya mini yadda zan yi. A gaida Yaya Asabe da yara.

Ƙanwarka, Suwaiba.

Bebeji, 14 ga Nuwamba, 1958

Zuwa ga ƙanwata Suwaiba, Riruwai.

Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya ƙara miki haƙuri, ya jiƙan Malam Shitu, ya sa ya huta. Takardarki ta same ni, na karanta ta sau biyu, ban nuna wa kowa ba.

Ki saurare ni da kyau. Na farko, ki kama bakinki. Maganar kuza raɗa ce, babu wanda ya gan shi da ko ƙwaya ɗaya, in an yi wata biyu za a sami wata maganar a bar wannan. Amma in kika fito da buhun nan, ke da kanki kin kafa shaida a kan mijinki, kuma ba mai iya janye ta.

Na biyu, ki sa Dije ta zubar da abin a bayan gari. Ki yi masa sadaka da niyyar waɗanda suka sha, Allah ya san su ko da ke ba ki san su ba.

Na uku, maganar murafen kwalba ba ta da wuyar fahimta. Mutanen bariki ne. Sun ga gwangwani a rufe, sun ga mutum mai kawaici, suka riƙa jefa masa abin banza. Ba na son faɗin haka a kan mamaci, amma da alama kowa ya cuci kowa ne, sai a bar wa Allah.

Na huɗu, Riruwai ta mutu. A nan ma muna ganin leburori suna dawowa da tabarma a ka. Gahawa abin marmari ne, mai neman na tuwo ba ya waiwayarta. Ki sa a sayar da butocin da bencina tun suna da daraja. Ranar da kika fita takaba zan zo da kaina in ɗauko ki. Asabe ta riga ta sa an yi wa ɗakin Inna sabon daɓe.

Na san halinki tun kina yarinya, in aka ce ki zauna sai ki miƙe. Wannan karon ki zauna. Mai takaba ba ta tara maza.

Na ba direba tiya huɗu ta gero da bargo, ki karɓa. Ki ci abinci, Suwaiba. Mu biyu muka rage.

Yayanki, Ɗahiru.

Riruwai, 17 ga Nuwamba, 1958

Zuwa ga Surajo, mai fataucin gahawa, tashar Dangora.

Gaisuwa da fatan alheri. Na gode da zuwanka da ɗawainiyar da ka yi ranar jana'izar Yayanka.

Tambaya gare ni, kuma kada ka lallashe ni. Kai kake kawo masa gahawa daga Kano tun da ya kafa rumfa. Yaushe rabon da ya saya a hannunka? Na sami rai-ɗore cike da buhunsa, gahawar ciki ba ta kai mudu ba. Ka san da wannan? Shi ya gaya maka, ko kai ka koya masa?

Ba faɗa nake nema ba. So nake in san abin da zan roƙa masa gafara a kai. Sadakar arba'in ranar huɗu ga watan gobe ce, ina son amsarka kafin nan.

Matar Yayanka, Suwaiba.

Dangora, 25 ga Nuwamba, 1958

Zuwa ga matar Yaya.

Ina gaisuwa, ina ƙara yi miki ta'aziyya, ni ma ina yi wa kaina. Mai rubuta wasiƙa na tasha ne yake rubuta mini, na ce masa yadda na faɗa haka zai sa, kada ya yi mini kwalliya.

Rabon Yaya Shitu da sayen gahawa a hannuna tun watan Janairu, rabin buhu. Da can duk wata biyu yake ɗaukar haka. Maganar rai-ɗore kuwa, wallahi daga takardarki na fara jin ta.

Bari in gaya miki yadda sana'ar take, don kada ki ga kamar shi kaɗai ne. Bara war haka rumfa goma sha ɗaya nake kai wa kaya a barikokin kuza. Yau uku suka rage. Abin haushin, gahawar ta yi araha a Kano, Kwaran nan, Balaraben da nake saye a kantinsa, har shayi yake ba ni don in ɗauka. To in ɗauka in kai wa wa? Lebura in ya karɓi kuɗin mako, shi ne mai zama a benci ya ce a zuba. Babu kuɗin mako, babu benci. Waɗanda suka rage ɗin ma, na san mai haɗawa da ƙonanniyar dawa, na san mai mayar da tsohon gari cikin buta sau uku. Saboda haka ba zan rantse miki a kan kowa ba.

Amma ga abin da na sani. Da damina na je na same shi, na ga benci cike da mutane, ga shi wata biyar bai sayi ƙwaya ba. Na ce, "Yaya, ko wani kake saye a wurinsa?" Ya yi dariya ya ce a'a. Na ce ya rufe rumfar nan ya zo mu yi goro a bakin titi. Ya dubi mutanen ya ce, "In na rufe, ina za su zauna?" Na ce wannan kuma ba matsalarka ba ce. Ya zuba mini daga wata buta mai jan zare a mariƙi, na sha, gahawa ce tsantsa, ni ba a ruɗa ni a kanta.

Iyakar sanina ke nan. Mutumin da ko goro ya je saye sai an cuce shi, ban san ranar da ya koyi cutar wani ba.

In za ki sayar da butocin tagullar nan biyu, kada ki ba kowa, ni zan saya, don kada su bar dangi. Ba zan sami zuwa arba'in ba, ƙafata ta kumbura.

Ƙanin mijinki, Surajo.

Riruwai, 6 ga Disamba, 1958

Zuwa ga Yayana Malam Ɗahiru.

Gaisuwa da ladabi. Gero da bargo sun iso, Allah ya ƙara buɗi. Yaya, ka gafarce ni, ban zauna ba.

Na aika aka tambayi Liman ko ya halatta in yi magana daga bayan asabari. Ya ce ya halatta, in dai don sauke hakki ne. Shekaranjiya da safe, da aka shafa addu'ar arba'in a zaure, ya ce duk mai zama a rumfar marigayi ya dakata. Mutum ashirin da wani abu suka tsaya. Dije ta fitar da ƙwarya cike da rai-ɗore da gwangwanin, ta ajiye a tsakiya.

Na ce, "Ga abin da ya kai shi tsohon bariki, ba kuza ba. Ga kuma abin da yake dafa muku. In ya karɓi kuɗinku da sunan gahawa ya ba ku wannan, ina roƙonku ku yafe masa. Wanda ba zai iya yafewa ba ya faɗa, in sayar da butoci in biya shi."

Ina jin kukan kaji a bayan gida. Na ce a raina Yaya ya yi gaskiya, na kashe shi sau biyu.

Sai Ɗanjuma ya yi gyaran murya. Shi ne helman da yake da lebura arba'in a ƙarƙashinsa kafin a sallame shi. Ya ce, "Ni dai ba abin da zan yafe. Na san abin da nake sha."

Ya ce da aka sallame shi, kwana uku yana bi ta bayan kasuwa don kada ya wuce ta gaban rumfa. Rana ta huɗu Malam ya tare shi a bayan masallaci, ya danƙa masa murafen kwalba cike da hannu. Ya ce masa, "Gahawa ta fi ƙarfina, ta fi ƙarfinka. Akwai wadda nake dafawa ta rai-ɗore a butar da ba ta da zare. Ka zo ka zauna inda ka saba, in ka sha ka jefa wannan a gwangwani, ƙararsu ɗaya da kwabo. Tsakanina da kai ne."

Ina jin haka sai muryar Sani tela ta fito daga lungu. "Kai ma?"

Ɗanjuma ya ce, "Kamar yaya ni ma?"

Na leƙa ta tsagar asabari, Allah ya yafe mini. Tela ya zura hannu a aljihu ya fito da marfi uku. Sai na kusa da shi ya fito da nasa. Sai wani. Yaya, kamar ana zuba tsaba a faranti haka suka riƙa zubo su a kan tabarma. Kowa Malam ya ja shi gefe, kowa ya ɗauka shi kaɗai ne.

Ɗanjuma ya ce wa tela, "Kai, wata tara ina kallonka ina cewa mutumin nan ina yake samun kwabo kullum, alhali ko wando ba a kawo masa faci."

Tela ya ce, "Ni fa haushinka nake ji. An kore ka, amma kana harɗe kana kurɓa kamar Balaraben Fagge. Har gida nake zuwa in ce helma ya binne kuɗi."

Aka yi ta dariya a gidan makoki, wasu suna share ido da bakin riga. Akawun kamfani, wanda har yanzu yake da albashi, ya ce su huɗu ne masu jefa kuɗin gaske, kuma daga butar jan zare ake zuba musu kullum, bai taɓa tambayar dalili ba. Ya ce ya zauna a Kano shekara shida, ya san gahawa, ba a taɓa ba shi wani abu ba ita ba.

Liman ya ce a yi shiru. Na ɗauka faɗa zai yi saboda dariyar. Sai ya ɗaga hularsa, ya ciro marfi ɗaya daga cikin naɗin, ya ɗora a kan na sauran. Ya ce, "Tun da aka sallami mutane, sadaka ta ƙafe."

Baffa Hamman ya ce shi ya ga buhun ɓawon rai-ɗore kusa da Malam ranar da ya ɗauko shi, ya zaci magani yake haɗawa, kuma ba wanda ya tambaye shi. Ni kuwa na tambayi Ɗanjuma, na ce da ake cewa ɓarawo ne, me ya hana ka magana? Ya ce, "Na yi zargin abin da ya kai shi can. Amma in na faɗa, an san abin da nake jefawa. Kunyata na zaɓa a kan sunansa. Ke za ki yafe mini, ba ni zan yafe ba." Na ce na yafe. Ban tabbata na gama yafewar ba, amma na faɗa.

Jiya Juma'a Liman ya tsaya bayan salla ya wanke Malam a gaban gari, ya ce duk wanda ya sake danganta shi da kuza ya zo su haɗu. Da yamma matan da hirarsu ke mutuwa in na shigo suka dawo gaisuwa ta biyu.

Yaya, na ci tuwo jiya, malmala biyu.

Saura magana ɗaya, kuma na san ba za ta yi maka daɗi ba. Butocin ba na sayarwa ba ne. Mutanen sun ce tun da aka rufe rumfa ba su da wurin da za su ji inda ake neman ma'aikata, ko wanda zai tafi Jos ya kai saƙo. Ni zan riƙa suya da daka a cikin gida, Ɗanjuma ya riƙa zubawa a rumfa. Za mu kira abin da sunansa. Finjali ɗari, rabin kwabo ke nan. Wanda ba shi da shi ya kawo itace ko ɓawon rai-ɗore. A gaya wa Yaya Asabe na gode da daɓen, Allah ya sa baƙin alheri su kwana a kai.

Ƙanwarka, Suwaiba.

Riruwai, 20 ga Janairu, 1959

Zuwa ga Surajo.

Gaisuwa, da fatan ƙafa ta saɓe. Na san labarin arba'in ya iso maka, direbobi ba sa riƙe magana.

Ga gwangwanin madara nan cike da garin rai-ɗore, ka dafa ka ji. Kasko uku na ƙona kafin in gane kansa. Ɗanyensa ba a sha, yana ɓata ciki, ko awaki ba sa kula shi. Sai an soya a wuta marar ƙarfi har ya yi duhu ya fara ƙamshi, a daka da citta da kanumfari da 'yar kimba. Ranar da na dace, ƙamshin ya cika gida irin na rigarsa, na bar turmin na shiga ɗaki.

Yanzu maza ne suke zuwa tsinka, su biyar-biyar, sai rana ta ɗaga, da sanduna suna bugun ciyawa. Na ce duk wanda ya je shi kaɗai ba zan karɓa ba. Ranar kasuwa Fulani da manoma suna cika benci, mutanen da da can ba sa kusantar rumfa don kwabo ya yi musu yawa.

Ka gwada wa mutanen tasha. Sharaɗina ɗaya, ka faɗi ko mene ne kafin ka zuba. In na ji ka kira shi gahawa, ba ka ƙara gani.

Matar Yayanka, Suwaiba.

Dangora, 9 ga Fabrairu, 1959

Zuwa ga uwar ɗakina, matar Yaya.

Ina gaisuwa. Mai rubutu ya ce "uwar ɗaki" ta yi yawa, na ce ya rubuta, shekara goma sha biyar ina kai kaya Riruwai, yau ga ni ina jiran kaya daga can.

Na dafa na faɗi sunansa kamar yadda kika ce. Wani direban Zariya ya ce, "Rai-ɗore? Wanda ke bayan gidanmu?" Ya kurɓa ya ce a ƙara. Amma in gaya miki gaskiya, direbobin dogon zango sun ce ba ya korar barci, su gahawarsu suke so, ko rabin finjali ne. Dattawa kuwa abin da ya sa suke son sa ke nan. Masu jiran jirgi da masu kawo auduga su ne kasuwarmu.

Na kai wa biyu daga cikin waɗanda suka rufe, na ba su labarin buta biyu. Sun share rumfunansu. Mai ƙonanniyar dawar nan ma ya zo da kansa yana sunkuyar da kai. Abin da ban zata ba, tun da benci ya cika, sai ga mai albashi ya dawo ya zauna, don ba mai son shan gahawa shi kaɗai. Makon jiya na shiga Kano na ɗauko rabin buhu, na farko tun kaka. Kwaran ya tambaye ni ko kuza ta farfaɗo. Na ce a'a, wata mai takaba ce.

Ina son mudu goma duk mako, kafin azumi kuma ki ninka. A nan ba a ce rai-ɗore, "ta Shitu" ake cewa. A zuba mini ta Shitu. Na farko da na ji an faɗa, sai da na zaga bayan rumfa.

Ƙaninki mai biyayya, Surajo.

Bebeji, 22 ga Fabrairu, 1959

Zuwa ga ƙanwata Suwaiba.

Bayan gaisuwa. Na yi wata biyu ban amsa miki ba, fushi nake yi, ba zan ɓoye ba.

Ranar Laraba aiki ya kai ni Dangora. Na zauna a wata rumfa, ba wanda ya san ni. Na ji mutum ya ce a zuba masa ta Shitu, na kusa da shi ya tambayi wane ne Shitu, aka ba shi labarin tun daga farko. An ƙara gishiri, an ce murafen sun cika buhu. Amma sunan da na ce ki rufe, shi na ji ana yi wa addu'a a bakin titi.

Na rubuta miki cewa kowa ya cuci kowa. Na yi kuskure, na nemi gafarar Allah, ina neman taki. Zan zo ranar fitar takaba kamar yadda na ce, amma ba da niyyar ɗauko ki ba.

Na sha finjali biyu. Citta ta ɗan yi yawa. Abin da ke cikin ambulan ɗin nan ki jefa mini a gwangwani, ni na buge shi da kaina.

Yayanki, Ɗahiru.

Riruwai, 18 ga Afrilu, 1959

Zuwa ga Yayana Malam Ɗahiru.

Gaisuwa da barka da salla. Ina fata kun sha ruwa lafiya. Zanen da Yaya Asabe ta ba ni ranar fitar takaba shi na ɗaura da salla.

Marfinka yana cikin gwangwani tare da na Liman. Mun mayar da gwangwanin ginshiƙinsa, ba a jefa komai a ciki yanzu, amma ba wanda ya yarda a sauke shi. Citta kuma ban rage ba, kai kaɗai ka yi ƙorafi.

Kamfani bai ɗauki kowa ba har yanzu. Mata shida suke taya ni suya da daka, duk matan waɗanda aka sallama ne, kowacce tana komawa gida da na cefane. Ɗanjuma ya ƙara benci biyu. Rai-ɗoren tsohon bariki ya kusa ƙarewa, saboda haka na ware iri, da ruwan fari za mu zuba a gefen gonarmu, kusa da gida, inda ake ganin ƙasa. Na aika aka nemo wanda ya sayi keken, ya ce zai sayar mini bayan damina.

Akawu da mutanensa suna ta tambaya yaushe za a dawo musu da butarsu mai jan zare. Surajo ya aiko da sabuwar gahawa, Ɗanjuma yana dafa musu a tukunya. Amma 'yar wadda Malam ya bari a saman buhu tana nan a ƙulle, hannunsa ne ƙarshen taɓa ta kafin nawa. Na wanke butar jan zare, na goge ta da toka har tana ɗaukar ido. Ban ɗora ta a wuta ba tukuna, kuma ban je tsohon bariki na ga wurin ba.

Ƙanwarka, Suwaiba.